Mai Sito a Ɗakin Gilashi

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kula da siton kayan gyara a kamfanin sayar da motoci na yayan matarsa, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Sito. Siton yana ƙasan bene, bayan gareji. Ba shi da taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi, inda ake hango takalman masu wucewa. Makanikai sukan sauko su karɓi filogi ko bel ko matatar mai, su tsokane shi cewa wata rana zai toho saboda rashin rana, su koma sama. Shi dai murmushi kawai yake yi, don wurin bai taɓa damunsa ba.

Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, yakan tura ƙofa, ya jawo aljihun teburinsa na ƙasa, ya fito da kwali. A ciki akwai ƙaramar mota ta roba wadda ake sayarwa a wargaje, sassanta sama da ɗari suna manne a jikin firam, mutum ya yanke su ɗaya bayan ɗaya ya haɗa. Girmanta kashi ɗaya cikin ashirin da huɗu na motar gaske, ba ta wuce tafin hannu da kaɗan ba. 'Yarsa ya fara saya wa tun tana 'yar shekara tara. Ta yi rabin awa tana fama da gam a yatsu, ta ture ta tafi wasanta, shi kuma ya zauna don kada kayan su lalace. Yanzu yarinyar tana makarantar koyon aikin jinya, shi kuwa bai tashi daga kan kwalayen ba.

Haɗawar ba ita ce ta fi ɗaukar ransa ba. Yakan yanke sassan da reza, ya goge bakinsu da sanfefa, ya ɗauki sitiyari da hantsaki ya dasa shi a mazauninsa, duk wannan cikin mako biyu. Sai kuma aikin da yake so ya fara, wato tsufar da motar. Ba ya son mota mai ƙyalli. Yakan shafa fenti kalar tsatsa, ya barbaɗa gishiri tun bai bushe ba, ya fesa kalar motar a kai, bayan kwana biyu ya kankare gishirin, sai ka ga tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashin fenti kamar ruwan sama ne ya yi shekaru yana cinta. Ya gasa cokali a wuta ya danna ƙofa ta lotsa. Ya daka alli ya zama ƙurar taya. Mota ɗaya takan ci wata uku, kuma ba mai tambayarsa yaushe zai gama.

Mai kamfanin, wanda shi da matarsa suke kira Yaya, bai cika saukowa sito ba. Ranar da ya sauko, famfon banɗakin sama ne ya fashe, ya zo duba ko ruwa ya taɓa kaya. Ya tura ƙofa ba sallama, ya tarar da surukinsa da tabarau biyu a hanci, yana zana tsaga a gilashin wata 'yar akori-kura da bakin allura.

Yaya ya ɗauki motar, ya jujjuya ta, ya leƙa ciki ya ga kujerar direba ta yage har soso ya fito.

"Auta ta ce min kana wasan yara," in ji shi. Auta ita ce matar Mai Sito, ƙanwarsa, wadda har yanzu da shekara arba'in da biyu bai canza mata suna ba. "Ashe ƙwararre na ajiye a rami."

"Na rage lokaci ne kawai, Yaya."

"Lokacin nan kuwa mun daina rage shi."

Bayan mako biyu masu aikin gilashi suka zo. A tsakiyar zauren da ake jera sababbin motoci suka kafa wani ɗan ɗaki, gilashi ta kowane gefe, taku uku a tsaye, taku biyu a kwance. Aka sa teburi fari, da fitila, da ƙaramar bindigar feshi da kwamfaresarta. Dabarar Yaya ita ce duk wanda ya sayi sabuwar mota za a ba shi ƙaramarta kyauta, kala ɗaya, har da lambarsa a jiki, kuma a kan idon mutane za a riƙa haɗa su.

Mai Sito ya same shi a ofis, ya zauna a bakin kujera.

"Yaya, ni fa wannan abin na hutu ne."

"To ga hutu na ba ka daga safe har yamma, kuma da albashi. Wa ya fi ka morewa?"

"Sito fa?"

"Na ba wani. Kai yanzu ka wuce ɗaukar filogi."

Aka ɗinka masa farar riga irin ta likitoci. A gaban baƙi Yaya ya koma kiransa Injiniya.

Da ya koma gida ya gaya wa Auta, sai ta yi ta murna. Ta ce shekara nawa tana jin kunya idan matan gidan suka tambaye ta aikin mijinta, yanzu kuwa hotonsa har a allon bakin titi. Bai ga laifinta ba. Yaya ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, a hawa na biyu na gidansa suke zaune, shi ya yi tsaye har 'yarsu ta samu makaranta. Mutumin bai taɓa yi musu gori ba ko sau ɗaya, abin da ya sa ma musa masa ya fi wuya ke nan.

Motoci iri uku kamfanin yake sayarwa, kala huɗu: fari, baƙi, ruwan azurfa da ja. Da farko biyu yake haɗawa a mako, daga baya suka zama uku. Hannunsa ya haddace su har yana iya dasa salansa yana tunanin wani abu. Kowacce sai ta yi ƙyalli kamar madubi, a shafa mata fenti mai sheƙi sau uku, a goge. Sau ɗaya ya ɗan shafa ƙura a tayoyin wata, kaɗan dai yadda za ta yi kama da wadda ta taka ƙasa. Washegari mai motar ya dawo da ita, ya ce tsohuwa aka ba shi. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Injiniya, a bar dattin nan a gida."

Dole ƙofar ɗakin ta zauna a rufe, don kada warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ya kori masu saye. Kafin azahar kansa ya fara sarawa. Yara su manna hanci a gilashi, su ƙwanƙwasa don ya ɗago. Manya su ɗauki hotonsa ba tare da sun gaishe shi ba. Idan hancinsa ya yi ƙaiƙayi sai ya duba gabas da yamma kafin ya sosa. Masu talla biyu da suke zauren suka sa masa suna Kifi, wai saura a zuba masa ruwa. Idan makanikan da suka saba saukowa sito suka ratsa ta zauren, sai su ɗaga masa hannu daga nesa, don rigunansu da baƙin mai ba a son su kusa da farin tayil.

A gida akwai kwalin wata babbar motar katako da ya fara tun kafin a fito da shi. Ya gama shasi, saura kai da bodi. Ranar Asabar ya buɗe kwalin a baranda, warin gam ya bugi hancinsa, sai ya kawar da kai. Ya rufe ya tura ƙarƙashin gado. Asabar ɗin da ta biyo ma bai jawo shi ba.

"Ba ka da lafiya ne?" Auta ta tambaye shi.

"Lafiyata ƙalau."

"To me ya same ka kake zama kamar wanda aka yi wa rasuwa? Abin da kake so ne fa aka ba ka."

"Shi ne ai," ya ce. Ta tsaya tana jiran sauran maganar, amma iyakarta ke nan.

A wata na bakwai wata dattijuwa ta rako ɗanta sayen mota. Ɗan ya shiga ofis cike takardu, ita kuma aka ba ta kujera kusa da ɗakin gilashin. Ta fi awa tana kallon hannunsa. Da ta tashi, ba ta bugi gilashin ba, ta zagaya ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Ya buɗe ya gaishe ta. "Mama, kada ki shigo, warin zai dame ki."

"Ɗana, shekara ashirin da shida ina wanke kayan direba, wane wari ne ban sani ba? Sababbi kawai kake yi?"

"Su aka sa ni."

Ta buɗe jakarta ta fito da wani hoto da gefensa ya lanƙwashe. Wani siririn mutum ne tsaye jikin tsohuwar tasi, ya dafa rufinta. Ta ce mijinta ne, bara ya rasu. Motar kuwa 'ya'yanta sun sayar wa masu yanka ƙarfe tun ba ta gama share hawaye ba, wai ganinta a ƙofar gida yana ƙara mata ciwo.

Mai Sito ya kai hoton ƙarƙashin fitila. Ƙofar baya ta hagu ba kalar sauran ba ce. An ɗaure bamba da waya. Murfin tanki babu, an cusa tsumma. Ya ji yatsunsa suna motsi da kansu.

"A nan ba zai yiwu ba," ya ce, yana rage murya. "Amma ki bar min hoton da lambar wayarki."

Sai da ya yi Asabar biyu yana zagaya shagunan kayan wasa kafin ya samu kwalin mota mai kama da ita. Fitilunta ba su yi daidai ba, ya yanke su ya sake su da guntun robar kwalba. Duk safiyar Asabar da Lahadi yana baranda. Yakan kira Mama ya tambaye ta abin da hoton bai nuna ba. Ta ce kujerar direba ta lotsa ta gefen dama, don marigayin yana da ciwon ƙugu, a karkace yake zama. Ta ce gilashin gaba ya tsage daga ƙasa ya hau kamar reshe. Hannun taga na baya ya karye, fasinja sai ya roƙi filaya a gaba kafin ya sha iska. Mai Sito ya ƙera filayar da waya, tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ajiye ta a kan dashbod.

Wata safiya Auta ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta tsaya.

"Kai ne kake waƙa?"

"Ni? A'a."

"To makwabta ne suka shigo maƙogwaronka."

Mako bakwai ya yi yana aikin. Ya ce wa Mama su haɗu a bakin get ranar Talata lokacin cin abinci. Ranar aka tashi da ruwa, maigadi ya ji tausayinta ya shigo da ita har zaure. Ba yadda zai yi, sai ya fito da kwalin takalmin da ya ɓoye motar a ciki, ya ɗora a kan teburin baƙi ya buɗe.

Mama ta sa tabarau. Ta daɗe ba ta taɓa motar ba. Sannan ta sa ɗan yatsa ta shafa ƙofar nan mai kala daban, ta sunkuya ta leƙa ciki, ta ga filayar. Dariya ta kufce mata, hawaye na bin kumatunta.

"Ita ce," ta ce. "Har munin."

"Allah ya jiƙansa. Da alama yana ƙaunar motar nan."

"Ƙauna?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Ɗana, ba abin da ya tsana a duniya kamar motar nan. Kullum da safe sai ya zage ta kafin ta tashi. Shi ɗinki ya koya, hannunsa kuma yana da kyau. Ya ce zai ja ta shekara biyu ya sayi keken ɗinki ya buɗe shago. Sai haihuwa, sai makaranta, sai wannan, sai wancan. Duk shekara yana ce min bana ce ta ƙarshe." Ta mayar da kallonta kan motar. "Amma ni a cikinta na san shi. Idan na tuna shi a tsaye ba ya zuwa min sosai, sai a zaune a nan, a karkace."

Da Mai Sito ya ɗago, ya ga mutane sun kewaye su: masu tallan nan biyu, da wasu baƙi uku, da wani makanike da ya manta da dokar farin tayil. Wani mutum yana cewa mahaifinsa ya taɓa yin irinta. A bayansu duka ga Yaya, hannu a aljihu.

Mai Sito ya raka Mama har mota, ya dawo yana shirya amsar da zai bayar. A ransa ma har ya fara fatan faɗan ya yi zafi, a tuɓe masa farar rigar.

Yaya ya ja shi ofis ya rufe ƙofa. Fuskarsa cike da fara'a.

"Ka ga yadda suka taru? Wata tara muna raba masu ƙyalli, ban ga wanda ya yi hawaye ba. Ni ne ban gane ba, Injiniya, ka yafe min. Dattin nan shi ne kasuwar."

Kafin ƙarshen mako an sauya allon bakin titi. Duk wanda ya kawo tsohuwar motarsa aka musanya masa da sabuwa, za a yi masa rangwame, kuma a ƙera masa ƙaramar tsohuwar don tunawa. Yaya ya ce biyu a mako, ban da masu ƙyallin.

"Yaya, waccan mako bakwai ta ci."

"Don kana yi a ɓoye ne. Ka rage tsatsar, ba mai ƙirgawa. Mu ƙara da Asabar, zuwa azahar kawai."

Da yamma ya tarar da Auta tana ninke kaya. Ya zauna a bakin gado, bai ko cire takalmi ba.

"Zan bar aikin nan."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ka je ina?"

"Ban sani ba. Ko gadi ne."

"Da shekara hamsin da ɗaya? Mu ci gaba da zama a saman kansa, muna haɗuwa a matakala kana gaishe shi?"

"Ɗaurin talala ya yi min, Auta. Kuma da alheri ya yi shi, ban ma san ta inda zan yi fushi ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ga jan da ke idonsa, da yadda fatar yatsunsa ta tsattsage.

"Ranar Lahadi mu sauka tare," ta ce. "Amma kai za ka faɗa da bakinka."

Ranar Lahadi bayan la'asar suka sauka. Yaya ya tarbe su da kansa, ya sa aka kawo lemo, ya tambayi karatun 'yarsu. Kafin Mai Sito ya gyara murya, Yaya ya ce yana da albishir: ya yi odar fanka mai zuƙe wari, gobe za a kafa ta a rufin ɗakin, don ya lura Injiniya yana yawan dafe kai. Ya ce jiya ya gaya wa abokansa cewa duk kamfanin ba wanda yake alfahari da shi kamar mijin Auta. Da gaske yake, ana gani a idonsa.

Auta ta taka ƙafar mijinta a ƙarƙashin teburi. Ya buɗe baki.

"Na gode, Yaya. Allah ya ƙara girma."

Sai Auta ta ajiye kofinta.

"Yaya, Asabar ɗin nan ba za ta yiwu ba."

Yaya ya juyo yana mamaki, don tunda take ba ta taɓa ce masa a'a ba. "Saboda me?"

"Saboda mijina ne kafin ya zama injiniyanka. Kuma tsofaffin nan ɗaya a mako, ba biyu ba. Dubi hannunsa."

Yaya ya dubi hannun, ya dubi ƙanwarsa, ya yi dariya. "Auta ta girma. To, an bar miki Asabar. Ɗaya a mako kuma mu gwada zuwa ƙarshen shekara, mu gani."

Suka hau matakala har ƙofarsu. Tana neman makulli a jaka ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Iyakar abin da zan iya ke nan. Yarinyar nan saura shekara biyu ta gama. Idan ta kama aiki sai mu sake magana."

"Shekara biyu," ya ce.

"Ba yawa."

Ya karɓi makullin ya buɗe musu.

Ranar Litinin aka kafa fankar. Tana aiki sosai, sai dai ƙararta ta sa ba ya jin komai daga waje, bakunan mutane kawai yake gani suna motsi. Wajen sha ɗaya mai talla ta turo masa mutum na farko da ya zo musanya, wani ɗan kasuwa mai waya biyu a hannu. Ya nuna masa hoton wata shuɗiyar mota mai buɗaɗɗen baya.

Mai Sito ya fito ya ja ƙofar, ya ɗauko takarda da biro. "Ranka ya daɗe, shekara nawa ka yi da ita? Akwai inda ta taɓa bugewa? Me kake yawan ajiyewa a gaba?"

Mutumin yana danna waya. "Wallahi ban sani ba, direbobi ne suke ja. Ka yi ta yadda ka ga dama, ni rangwamen ne ya kawo ni. Yaushe zan aiko a karɓa?"

"Litinin mai zuwa."

Mutumin ya wuce ofis. Mai Sito ya ninke takardar ba tare da ya rubuta komai ba, ya koma ciki ya rufe ƙofa, ya jawo sabon kwali ya sa reza ya yanke ledar.